Shaidar Haƙori: Yadda Ake Gane Mamacin da Kamanninsa Suka Ɓace

A wannan fitowa mun ware filin gaba ɗayansa ga wasiƙun da suka taru a kan magana guda, wato yadda likitoci ke amfani da haƙora wajen gane gawar da wuta, ko ruwa, ko daɗewa a daji suka ɓata wa kamanni. Mun taƙaita wasiƙun, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba.

TAMBAYA: Likita, ni malamin makaranta ne a Haɗeja. Tun bayan gobarar tankar mai da ta auku a Majiya cikin Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka fiye da 150, wata magana ke damuna. Na ji a rediyo cewa a Turai ko mutum ya ƙone ƙurmus ana gane shi ta haƙoransa. In gaskiya ne, me ya hana a yi haka a wurinmu, maimakon a binne mutane tare ba a san wane ne wane ba?

AMSA: Malam, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙurin rashi. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai rabin maganar ka ji, kuma a cikin rabin da ya rage amsar tambayarka take.

Babu wani abu a jikin ɗan Adam da ya kai farin ɓawon haƙori tauri, domin kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne, abin da ke ruɓewa a cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Ga shi kuma an ajiye haƙori a wuri mai kariya: saiwarsa na dashe cikin ƙashin muƙamuƙi, leɓɓa da kumatu sun rufe shi ta waje, harshe ya tare shi ta ciki. Idan wuta ta yi ƙarfi, haƙoran gaba ne ke fara tsagewa da zarar leɓɓa sun janye, amma turame, wato manyan haƙoran tauna na can ciki, sukan tsira ko da fatar yatsu da ta fuska sun tafi. Launin haƙorin da ya sha wuta yakan tashi daga baƙi zuwa toka-toka, daga nan ya koma fari kamar alli, kuma a wannan mataki yana da saurin marmashewa, har masu aikin kan fesa masa wani irin danƙo kafin a ɗaga gawar don kada shaidar ta zube a hanya.

To amma haƙori ba ya ɗauke da sunan mai shi. Aikin gaba ɗayansa gwadawa ne tsakanin abubuwa biyu: bayanin bakin mamaci da aka rubuta bayan mutuwa, da bayanin bakin wani mutum sananne da likitansa ya rubuta tun yana raye. Babban mutum yana da haƙora 32, kuma likitoci a yawancin ƙasashe sun ba kowanne lamba. An raba baki gida huɗu, sama ta dama 1, sama ta hagu 2, ƙasa ta hagu 3, ƙasa ta dama 4, sannan a ƙirga haƙora daga tsakiya zuwa ciki, daga 1 zuwa 8. Saboda haka idan likita a Kano ya rubuta cewa ya yi ciko a haƙori mai lamba 36, likita a Alƙahira ko Faris ya san turmi na farko na ƙasa ta hagu ake nufi. Kowane haƙori yana da fuska biyar, kuma kowace fuska tana iya zama lafiyayya, ko mai rami, ko mai ciko na azurfa ko na fari, ban da waɗanda aka cire, da waɗanda aka yi wa hula, wato murfin da likita ke ƙerawa ya rufe haƙori da shi, da waɗanda suka karkace. In ka haɗa wannan da hoton ƙashi, wanda ke nuna lanƙwasar saiwa da ainihin siffar cikon da hannun likita ya sassaƙa, da wuya ƙwarai a samu baki biyu iri ɗaya, ko da na tagwaye ne.

Wurin da hankali ke aiki shi ne wurin saɓani. A ce katin asibiti ya nuna haƙori na nan, amma a bakin gawar babu shi kuma ƙashin wurin ya warke ya shafe. Wannan saɓani ne mai bayani, domin mai yiwuwa an cire shi daga baya a wani wurin. Amma in katin ya ce an cire turmin shekara biyar da suka wuce, sai ga shi daram a bakin gawar, to magana ta ƙare, ba shi ba ne, tunda haƙorin babba ba ya sake tsirowa, kuma haƙorin da aka taɓa yi wa ciko ba ya komawa sabo. Haka kuma likita yakan bambance haƙorin da ya faɗi bayan mutuwa, domin raminsa yana nan a buɗe da kaifin baki, jiki bai samu damar cike shi ba. Daga ƙarshe ɗaya daga cikin hukunci huɗu ake yankewa: shi ne tabbas, ko yana yiwuwa shi ne, ko shaidar ba ta isa ba, ko ba shi ba ne.

Wannan fanni ma a cikin gobara aka haife shi. Ranar 4 ga Mayun 1897 wuta ta tashi a wata kasuwar baje koli ta sadaka a birnin Faris, ta kashe mutum fiye da 120, akasarinsu matan manyan gari. Da aka rasa gane wasu gawarwakin, sai aka kirawo likitocin haƙoransu da littattafan aikinsu, kuma ta haka aka gane gimbiyar Alanson, ƙanwar sarauniyar Ostiriya. Wani likita haifaffen Kuba mai koyarwa a Faris, Oska Amowedo, ya tattara darussan wannan aiki a littafin da ya fitar a 1898, shi ya sa ake kiran sa uban fannin. Ka lura da su wa aka gane: masu hali, waɗanda ke da likitan haƙori na kansu mai ajiye rubutu.

Shekara ɗari da 'yan kai bayan haka aka sake ganin abu ɗaya a fili. Ambaliyar teku ta 26 ga Disamban 2004 ta kashe mutum fiye da 5,000 a Tailan kaɗai, kuma kusan rabinsu baƙi ne 'yan yawon buɗe ido. Suwidin da Jamus kowace ta rasa mutum fiye da 500 a wannan masifa. Zafi ya sauya kamannin gawarwaki cikin 'yan kwanaki, har wasu iyalai suka karɓi gawar da ba tasu ba bisa ganin ido. Sai aka koma ga tsarin 'yan sandan duniya, Intafol, wanda ya amince da shaidu uku a matsayin na asali: zanen yatsa, da haƙori, da gwajin ƙwayoyin halitta na DNA. Bayanin mutum na lokacin rayuwa a takarda ruwan ɗorawa ake cika shi, na gawa kuma a takarda ruwan hoda, sannan kwamfuta ta tace ta fitar da masu kama, likitoci su duba da idonsu. Yawancin Turawan ta haƙori aka gane su, domin likitocinsu na gida sun aiko da katuna da hotuna. 'Yan ƙasar Tailan kuwa, da suka mutu a ruwa ɗaya a rana ɗaya, kaɗan ne haƙori ya yi wa amfani. Zanen yatsan katin ɗan ƙasa ne ya fi taimaka musu.

Mu ma mun ɗanɗana wannan a gida. Lokacin da jirgin Dana ya faɗi a Iju-Ishaga ta Legas ranar 3 ga Yunin 2012, ya kashe duk mutum 153 da ke cikinsa, an duba haƙoran mamatan a asibitin koyarwa na jami'ar jihar da ke Ikeja, amma rashin katunan da za a gwada da su ya sa nauyin aikin ya koma kan DNA, aka aika samfura Birtaniya, iyalai suka yi ta jira makonni. Waɗannan fa matafiya jirgin sama ne daga Abuja, masu ilimi da abin hannu. To ina ga matashin ƙauye wanda bai taɓa zama a kujerar likitan haƙori ba, ko wanda in ciwo ya matsa masa sai wanzami ko mai kyamis? A ganina, ko da an kawo ƙwararrun duniya Majiya a daren, da haƙori bai gane mutane da yawa ba. Abin da ya fi dacewa da irin halinmu shi ne a ba kowace gawa lamba, a ɗauki hoton bakinta, a ajiye haƙori guda domin DNA, a rubuta gurbin da aka sa ta a kabari, sannan a yi jana'iza ba tare da jinkiri ba. Wannan ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma yana bar wa iyali ƙofa a buɗe.

TAMBAYA: Likita, yayana ya tafi Libiya ta Agadas shekara uku ke nan, ba shi ba labarinsa. Kwanan baya wani direba ya ce an tsinci ƙasusuwan mutane a hanyar. Yayana yana da wushirya, kuma yana da haƙorin Makka a sama. Shin waɗannan sun isa a gane shi? Matarsa na zaune da 'ya'ya huɗu, ba ta san matsayinta ba. Daga wata 'yar'uwa a Matamai.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya bayyana shi cikin alheri. Hanyoyin hamadar nan sun ci mutanenmu da yawa. A Oktoban 2013 kaɗai an tsinci gawa 92 a arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara.

Alamomin da kika ambata suna da amfani, amma ba su isa su kaɗai ba. Wushirya ta yawaita a cikinmu, har ana yi mata kirari a matsayin ado, haƙorin Makka kuma dubban alhazai da hajiyoyi ne ke dawowa da shi kowace shekara, kuma galibi hula ce kawai da ake sakawa a kan haƙori, tana iya fita, ana kuma iya cire ta saboda kwaɗayin zinariya. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Amfanin irin waɗannan alamomi shi ne rage yawan waɗanda ake zato: in ƙasusuwan mutum ashirin aka samu, sai a ware biyu ko uku a mai da hankali a kansu. Ƙarfinsu yana ƙaruwa ne idan sun taru kuma an san gurbin kowace. Wane haƙori ne ke da zinariyar, na dama ko na hagu, na gaba ko fiƙa? Yana da giɓi, kuma a ina? Akwai wanda ya taɓa karyewa a haɗarin babur, ko wanda ya hau kan ɗan'uwansa? Yana cin goro har ya rina masa baki? Ki zauna da matarsa da mahaifiyarku ku rubuta duk wannan tun yanzu, kafin wani ya nuna muku hoton wata gawa, domin zuciyar mai nema tana saurin ganin abin da take so ta gani, kuma bayanin da aka rubuta kafin gani ya fi nauyi a wurin masu bincike.

Sannan ku nemi hotunansa da yake dariya, na biki ko na waya, musamman waɗanda haƙoran gaba suka fito sosai. Likitoci kan ɗora irin wannan hoto a kan hoton ƙoƙon kai a kwamfuta su gwada jerin bakin haƙora da tazarar da ke tsakaninsu, kuma wannan hanya ta fi dacewa da mutanen da ba su da katin asibiti. In ya taɓa zuwa asibitin haƙori ko sau ɗaya ne, ku je ku nemi katinsa, ko da na shekara goma da suka wuce ne. A wannan aiki da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da zai yanke magana a irin halinku shi ne DNA, kuma a nan ma haƙori ne ke ceto. A tsakiyar kowane haƙori akwai ɓargo mai jijiyoyi, kuma taurin da ke kewaye da shi yana kare ƙwayoyin halitta daga rana da ƙasa fiye da yawancin ƙasusuwa, shi ya sa masu bincike kan zaɓi lafiyayyen turmi. Ana gwada abin da aka samu da na mahaifiya, ko mahaifi, ko 'ya'yan cikinsa, waɗanda suka fi 'yan'uwa ƙarfin shaida. Matakin farko shi ne ku kai rahoto ga hukuma, ku kuma yi rajistar sunansa a ofishin Red Cross mafi kusa, domin suna da sashen neman waɗanda suka ɓace. A Najeriya kaɗai sunayen da ke hannunsu sun haura 20,000.

Game da matarsa, a mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace takan kai ƙara gaban alƙali, a bincika, in ba a samu labari ba a yanka mata wa'adin shekara huɗu, sannan ta yi takaba. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye. Akwai sassauci idan babu abin ciyar da ita, kuma alƙali ne zai duba wannan. Na kawo maganar ne don ki ga abin da haƙori guda ke iya warwarewa: tabbacin mutuwa yana mai da jiran shekaru zuwa wata huɗu da kwana goma, ya kuma buɗe wa marayu hanyar gadonsu.

TAMBAYA: Ina karatun likitanci a Sakkwato. In babu kati, babu hoto, babu ma wanda ake zato, me haƙori zai iya faɗa da kansa?

AMSA: Ɗalibi, abin da ya fi iya faɗa shi ne shekaru, musamman a yara. Haƙoran yarinta guda 20 ne, sukan fara fitowa wajen wata shida su kammala kafin shekara uku. Wajen shekara shida turmi na farko na dindindin ke fitowa a bayansu, daidai lokacin da famfara ke farawa, na biyu wajen shekara 12, na uku kuma daga 17 zuwa sama in zai fito. Abin da ya fi fitowar inganci shi ne hoton ƙashi, wanda ke nuna iyakar inda ginin kowane haƙori ya kai a cikin muƙamuƙi. Hanyar da wani likita mai suna Demirjiyan da abokan aikinsa suka fitar a 1973 tana duba haƙora bakwai na ƙasa ta hagu, ta ba kowanne ɗaya daga matakai takwas. Sai dai ka riƙe cewa a kan yaran Kanada masu jin Faransanci aka gina ma'aunin, alhali haƙoran yaran Afirka sukan riga nasu nuna, don haka wanda ya ɗauki jadawalin ya ɗora a kan yaron Gobir ba gyara yana iya ƙara masa shekaru. Wannan gyara aiki ne da ke jiran irinku.

A manya lissafin yana da faɗi. Tun 1950 wani likitan Suwidin mai suna Gustafson ya jera alamomi shida, daga cikinsu akwai cinyewar saman haƙori, da ƙuncewar ramin ɓargo, da yadda ƙarshen saiwa ke zama garai-garai kamar gilashi da tsufa. Cinyewa ita ce mafi yaudara a wurinmu, domin mai cin tuwon da aka niƙa a dutse, da mai tauna rake da goro, da mai dirza asuwaki da ƙarfi, haƙoransu kan tsufa kafin su. Akwai kuma wata hanya mai ban mamaki: gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya da aka yi a sarari kafin yarjejeniyar 1963 sun ƙara wani nau'in sinadarin kabon a iskar duniya, ya shiga abinci, ya shiga ɓawon haƙorin yaran da ke girma, kuma tunda ɓawon ba ya sabuntawa bayan ya ginu, adadin da ke cikinsa yana nuna shekarar da aka gina shi. Masu bincike a cibiyar Karolinska ta Suwidin sun nuna a 2005 cewa ana iya fitar da shekarar haihuwa da kuskuren da bai cika wuce shekara biyu ba.

Jinsi kuwa girman haƙori ba abin dogaro ba ne, DNA ke raba gardama. Wurin da mutum ya tashi ma yakan bar alama, domin ma'adinan ruwan da ya sha yana yaro suna zama a ɓawon. Wani lokaci ido ma yana gani: inda sinadarin fuloraid ya yi yawa a ruwa, kamar yadda aka sani a Tibiri ta Maradi da Langtang ta Filato, haƙoran waɗanda suka tashi a can kan fito da dabbare-dabbaren ruwan ƙasa da ba ya goguwa. Duk wannan siffantawa ce, tana gaya wa 'yan sanda inda za su nema, ba ta kiran suna.

TAMBAYA: Malam likita, ni limami ne a wata unguwa a Kumasi. Hadisi ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Yaya za a buɗe bakin gawa, har a cire mata haƙori, alhali an umarce mu da gaggauta jana'iza?

AMSA: Allah ya gafarta Malam, hadisin da ka kawo sananne ne, Abu Dawuda da Ibn Majah sun ruwaito shi daga Nana A'isha, kuma ya kamata kowane likita ya riƙe shi ko da ba Musulmi ba ne. Zan faɗi yadda aikin yake, hukunci kuma ku ne masu shi.

Mafi yawan binciken haƙori ba ya buƙatar yanka. Ana buɗe baki, a wanke haƙora da buroshi, a duba da ƙaramin madubi, a ɗauki hoto, kuma yanzu akwai na'urar hoton ƙashi ta hannu da ake kai wa har inda gawa take. Ga gawa ɗaya aikin awa ɗaya ne ko biyu. In ƙasusuwa ne kawai suka rage, babu ma abin yankawa. A da likitoci kan yanke muƙamuƙi gaba ɗaya su ajiye don sauƙin aiki, kuma na yarda da kai cewa wannan ya wuce gona da iri. Ƙa'idojin Intafol na yanzu ba su yarda da shi ba sai da larura da izini, kuma a mayar da abin da aka cire a binne tare da mai shi. Jinkirin da iyalai ke kuka da shi ba daga duba bakin yake zuwa ba, daga neman bayanan da za a gwada ne, kuma na ambata a amsar farko yadda za a yi jana'iza a kan lokaci ba tare da an rufe hanyar ganewa ba.

Neman gane mamaci ta wata alama ta jikinsa kuwa ba baƙon abu ba ne a tarihinmu. A yaƙin Uhudu an samu Anas ɗan Nadru da rauni fiye da tamanin, an kuma yi masa kaca-kaca, babu wanda ya gane shi sai 'yar'uwarsa, ta kan yatsunsa. Ita ce kuwa Rubayyi'u, wadda ta taɓa karya wa wata yarinya haƙorin gaba aka yi maganar ƙisasi, har Anas ɗin ya rantse ba za a karya nata ba, mutanen yarinyar suka yafe. Buhari ya kawo labaran biyu. Ya kuma kawo cewa Jabir ɗan Abdullahi ya tono mahaifinsa bayan wata shida, saboda an binne shi tare da wani, ya sake masa kabari shi kaɗai. A zamaninmu, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya, ta zauna a Makka a 1987 ta halatta binciken gawa don gano gaskiya a shari'ar kisa da makamantanta, da sharaɗin a tsaya iyakar larura kuma a binne dukkan sassan jiki. Ni dai abin da nake roƙon limamai shi ne, idan aka kawo gawar da ba a san mai ita ba, kafin a sa likkafani a bari wani ma'aikacin lafiya ya ɗauki hoton fuska da na haƙora, a rubuta rana da wurin da aka tsince ta da gurbin kabarinta a littafin masallaci ko na maƙabarta.

TAMBAYA: Wai da gaske ne da haƙori aka tabbatar da mutuwar Hitila? Abokina ya ce ƙarya ce, Ajantina ya gudu. Daga wani tela a Garwa.

AMSA: Maigida, ka gaya wa abokinka ya sha kaye. Hitila ya kashe kansa a Balin ranar 30 ga Afrilun 1945, mutanensa suka ƙona gawar da fetur, sojojin Rasha suka samu muƙamuƙin. Bakinsa ya lalace tun yana raye, 'yan haƙora kaɗan ne nasa na asali, sauran duk gadoji ne, wato haƙoran ƙira da ake maƙalawa a kan na gefensu don cike giɓi, da huluna na zinariya masu siffar da ba a saba gani ba. Rashawa suka nemo Kete Hoizaman, mataimakiyar likitan haƙorinsa, da maƙerin da ya ƙera kayan, kowannensu ya siffanta aikin daga ƙwaƙwalwarsa, aka gwada ya dace. Ladan da matar ta samu shi ne ɗaurin shekara goma a Tarayyar Sobiyet. Daga baya an gwada bayanin da hotunan ƙashin kansa da aka ɗauka a 1944, sannan wasu likitocin Faransa suka duba haƙoran a Mosko suka wallafa sakamakonsu a 2018, duka suka zo da amsa ɗaya.

Ka gwada wannan da labarin Fatiris Lumumba, firaministan Kwango na farko, wanda aka kashe a Katanga ranar 17 ga Janairun 1961, aka daddatsa gawarsa aka narkar da ita a ruwan asid don kada a samu kabarin da za a ziyarta. Wani ɗan sandan Beljiyam da ya yi wannan aiki, Jerar Sute, ya amsa da bakinsa shekaru da yawa bayan haka cewa ya riƙe haƙori. Hukuma ta ƙwace wani haƙori mai hular zinariya daga hannun 'yarsa a 2016, aka miƙa shi ga 'ya'yan Lumumba a Burasal ranar 20 ga Yunin 2022. Ba a yi masa gwajin DNA ba, bisa hujjar cewa gwajin zai lalata ɗan abin da ya rage, don haka shaidarsa ta tsaya ne a kan furucin wanda ya ɗauke shi da hannun da aka same shi, ba a kan gwadawa irin ta Hitila ba. Iyalin sun karɓa a haka, aka sa shi a akwatin gawa cikakke, aka zagaya da shi har ƙauyen haihuwarsa, sannan aka binne shi a Kinshasa ranar 30 ga Yuni, ranar da Kwango ta cika shekara 62 da samun 'yanci.